Barci a Baranda

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau na fara aikin raino a Potomac, wata unguwar masu hali a gefen Washington. Bas biyu daga Germantown inda nake zaune, sannan tafiyar ƙafa a unguwar da ba ka jin ko tarin mutum. Uwar gidan sunanta Sigrun, 'yar wata ƙasa ce Iceland, can ƙurewar arewa, inda ta ce rana kan yi yaji duk lokacin sanyi. Mijinta a nan aka haife shi, amma kakanninsa daga can suka zo. Ita tana aikin bincike a wani ofis cikin Washington, shi kuma lauya ne. Na ce mata Madam, ta ce a'a, Sigrun kawai, a ƙasarsu babba da yaro kowa da sunansa ake kiransa. Ikon Allah. Ni da ko a littafin nan da ba mai gani sai ni, kunya ba ta barina in rubuta sunan ɗan farina.

Jaririyar sunanta Salka, watanta bakwai. Na danne dariya, don mu a Maradi ruwa ake zubawa a salka.

Bayan azahar uwar ta sa mata kayan ulu, ta cusa ta cikin wani buhu na fatar tunkiya, ta kwantar da ita a keken jarirai, ta tura keken bayan gida ƙarƙashin bishiya, ta dawo ta rufe ƙofa. Na tsaya ina jiran ta ce wasa take. Sai ta miƙo mini wani ɗan rediyo da ake jin numfashin yarinyar a ciki, ta ce haka zan riƙa yi kullum, ko ƙanƙara ake. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta.

Da Inna ta ga wannan, malam za ta aika a kira.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Gaskiya dai gaskiya ce: yarinyar nan barci take a wajen kamar an yi mata tofi. Ta tashi kumatu jawur, tana dariya. Ni ce dai ban saba ba, ina manne da taga har ƙafata ta yi sanyi.

Wata maƙwabciya mai yawo da kare ta leƙo ta saman shinge. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ashe tambaya take a ina aka sayi keken.

Gidan nan ɗaki kan ɗaki, mutum uku kacal. Tun da na fara zuwa ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa sai mai kawo kaya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Maigidana Moussa yana Texas da babbar motarsa, ya ce sai wata ya kama zai leƙo. Na sha gahawa a ɗakin Meseret.

Ban taɓa rubuta labarinta ba. Ƙofarta na kallon tawa a hawa na uku. 'Yar Habasha ce, a garinsu malamar sakandare ce, a nan kuwa tana zaune cikin wani ɗan akurki a garejin ajiye motoci tana miƙa tikiti. Mijinta yana can gida, takardarsa ta maƙale, kamar yadda ta yarona da na bari wurin Inna a Maradi ta maƙale. A kan wannan muka saba. Da Turancinmu na kame-kame muke hira, inda ya ƙare mu ƙarasa da hannu. Ɗanta Dawit sa'an Salka ne, amma shi bai san barci ba, bai kuma bar uwarsa ta san shi ba.

Ran Lahadi in sun taso daga coci ɗakinta kan cika maƙil. Wannan tana gyaran ɗakuna a otal, waccan mijinta direban tasi ne, wata nas ce, wata ta buɗe gidan abinci a Silver Spring duk sai tsokanarta ake wai ta zama gwamna. Habashawa a garin nan ba su ƙirguwa, duk garejin da ka shiga za ka tarar da su. Sigrun kuwa ta ce mutanen ƙasarsu da ke nan zaure ɗaya ya ishe su, kuma duk wanda ta ambata, in ba likita ba ne to injiniya ne.

Gahawarsu ba ta mai sauri ba ce. A gabanka za a soya 'ya'yan, a zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, a kunna turaren wuta, a kawo gugguru. Kofi uku ake sha. Na ukun sunansa baraka, kuma tashi kafin shi rashin ladabi ne. Ƙamshin turaren ya kai ni ɗakin Inna, sai da na tsaya ina kallon bango.

Na kira gida da la'asar ɗinsu. Inna ta ce, "Zo ka gaida uwarka." Na ji muryarsa daga nesa yana cewa wasa yake. Na ce a bar shi.

Talata, 3 ga Disamba

Inna ta turo hoto. An yi wa yaron aski, kunnuwan Moussa sak. Rigar da na aika ta yi masa kaɗan, ashe da idon bara na auna shi.

Asabar, 14 ga Disamba

Meseret ta ƙwanƙwasa da hantsi, ido ya faɗa, Dawit na tsala kuka a kafaɗarta. Mutumin da ke ƙarƙashinta ya sake bugun silin da sandar tsintsiya. Tiyata aka yi mata wajen haihuwa, har yau in ta ɗaura zane a ciki wurin na yi mata zafi, shi ya sa ba ta iya goyo. Ta ce, "Mardiya, ku ma ai kuna goyo. Ki goya mini shi, in runtsa ko kaɗan ne."

Na ce bayana na ciwo.

Ƙarya na yi. Majanyina yana nan a ƙasan akwati, saƙi ne baƙi da fari, Inna ta ba ni ranar suna. Da shi na goyi yaron har ranar da na sauke shi a gabanta na kama hanyar Yamai. Tun daga ranar ba ɗan da ya hau bayana. Salka ma a hannu nake riƙe ta. In ɗauki ɗan wata mata in ɗora a wurinsa, shi yana can yana tasowa a bayan tsohuwa? Zuciyata ba ta yarda ba. Ban san yadda ake faɗin wannan da Turanci ba, ko da Hausar ma ban taɓa faɗa ba.

Don in rufe kunyata sai na hau ba ta labarin Salka. Na ce Turawan da nake wa aiki, masu ilimi, masu hali, a waje suke kwantar da 'yarsu, sanyi ne ke sa barci. Na ƙara gishiri. Ta juya tana kallon ƙofar gilashin barandarta.

Juma'a, 20 ga Disamba

Mun haɗu da Meseret a matattakala, ta rungume ni. Ta gwada! Ta naɗe Dawit cikin farin bargon audugarsu mai kauri, da hula, ta sa shi a kekensa a baranda, ita ta zauna daga ciki jikin gilashi tana kallonsa. Ya yi barci, ita ma ta samu ta miƙe ƙafa. Ta ce mini, "Doktor Mardiya." Ni kuwa har da ɗaga kafaɗa.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Innalillahi.

Ƙanƙara ta zuba shekaranjiya, gari ya yi fari fat. Na dawo daga aiki na tarar da ƙofar Meseret a buɗe, mata cike, ba turare ba gahawa. Tana zaune a ƙasa da hular Dawit a hannu.

Wani daga wajen ajiye motoci ya hango keke a baranda a hawa na uku, ya ɗauki hoto, ya kira 'yan sanda. Suka zo da wata mata daga ofishin kula da yara. An duba yaron, lafiyarsa lau, jikinsa da ɗumi. Amma an ce sai an yi bincike. Kafin nan ba zai kwana a wurin uwarsa ba. Wata dattijuwar cocinsu, Emama Aster, ta karɓe shi zuwa Silver Spring. Meseret za ta iya zuwa ta gan shi da rana, a gaban mutane. In binciken bai yi kyau ba, sai kotu.

Sun tambaye ta wa ya koya mata. Ba ta faɗi sunana ba.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, Meseret ta jiƙe.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yau ma na tura Salka ƙarƙashin bishiya, tayar keken na nutsewa a ƙanƙara. Mai kawo wasiƙu ya wuce, ya leƙa, ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na raka Meseret Silver Spring. Tun a bas nono ya jiƙa mata gaban riga, ta rufe da mayafi. Na san wannan ciwon. Ni ma haka na sauka a ƙasar nan, ban daɗe da yaye ba, ƙirji kamar dutse, ina matsewa a banɗakin filin jirgi ina zubarwa.

Ba ta jira mun kai ƙofa ba. Tun daga ƙasan bene ta fara kira, "Dawit! Dawit! Dawitiye!" da ƙarfi, mutane na leƙowa, ko a jikinta. Na ji kunya ta kama ni a madadinta. Daga baya na gane ba kunya ba ce kaɗai, har da kishi. Ni ranar da zan taho ko waiwaye ban yi ba, mata na ta yabona, wai Mardiya akwai kawaici. Na taho da yabon, na bar yaron.

Da lokacin tafiya ya yi sai da Emama Aster ta ɓamɓare yatsunsa daga wuyan rigarta. A hanyar dawowa na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta dafa gwiwata ta ce, "Ke alheri kika nufa." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Litinin, 13 ga Janairu

Na yi ta juya maganar a bas, da na isa na manta tsarin duka. Sigrun na sa takalmi za ta fita na ce mata ina da magana. Na faɗa mata komai, har da cewa sirrin gidanta na kwasa na kai waje.

Ta zauna a kan matakala da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ce, "Amma ai kowa a layin nan yana ganin Salka kullum." Na ce haka ne. Ta ce, "Ba wanda ya taɓa kiran kowa." Na ce haka ne.

Na roƙe ta ta zo ranar zaman da za a yi da matar ofishin, ta faɗa da bakinta cewa al'ada ce ta mutanen kirki, ba sakaci ba. Ta ce za ta yi shawara da mijinta.

Laraba, 15 ga Janairu

Mijin ya ce kada ta sa kanta. In ta je ta ce ita ma tana yi, to ta miƙa wuyanta. Ta faɗa mini tana kallon tukunyar shayi. Ban ga laifinsa ba, lauya ne, aikinsa ke nan hango rami.

Moussa ma a waya bakinsu ɗaya. "Ke dai ki riƙe aikinki. Maganar takardar yaro na tafiya, so kike a ce ba ki da aiki? Ina ruwanki da rigimar Habashawa?" Na ce ruwana ne, ni na haƙa. Ya ce baki shi ke yanka wuya, tun yaushe yake gaya mini. Na ce to an yanka, sai a nemi magani. Ya kashe.

Na ciro akwatin na buɗe, na taɓa majanyin ta ƙarƙashin atamfofi, ban fito da shi ba. Ina kewar yaron nan har cikin ƙashina.

Talata, 21 ga Janairu

An yi zaman. Ɗan ƙaramin ɗaki, tebur, kujeru. Matar ofishin sunanta Madam Constance, baƙar fata ce, mai magana a hankali, daga gani ta gaji da ganin abubuwa. Meseret ta sa fararen kayanta na coci. Emama Aster na riƙe da Dawit. A waje kuwa Habashawa sun cika baranda, wasu da rigar aiki, sun bar akurkinsu da motocinsu sun zo. Ni ma na ɗauki hutun rabin yini, na ce ko ba komai zan faɗi cewa daga bakina ta fito.

Na fara magana ke nan, sai aka turo ƙofa. Sigrun ce, da Salka a kafaɗa, ita kaɗai. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce ita ce matar da ake wa aiki, kuma 'yarta a waje take barci tun tana da sati kaɗan, jiya ma ta yi. Ta ce a garinsu za ka ga kekuna jere a ƙofar gidajen shan shayi, iyaye na ciki. Ta ce in wannan matar mai laifi ce, to a fara da ita.

Na lura da yadda Madam Constance ta gyara zama. Ba wai ta ƙi sauraron Meseret ba ne ɗazu, ta saurara. Amma yanzu har da tambayoyi, har da "ashe?" Ta tambayi wurin da Salka ke kwanciya. Sigrun ta ce bayan gida, a ƙasa, akwai shinge, akwai ɗan rediyo, akwai buhun fata da aka yi don hakan. Madam Constance ta ce to ka ji bambancin: wancan fili ne killatacce, wannan baranda ce a hawa na uku da ƙarfuna masu tazara, yaro kuma ya kusa fara miƙewa.

Gaskiyarta ce, ban musa ba. Amma a raina na ce, wato dai abin da ya raba uwa ta gari da mai sakaci shi ne filin bayan gida. Meseret ta fi Sigrun kusa da ɗanta, gilashi kaɗai ke tsakaninsu. Abin da ba ta da shi bishiya ce da shinge. Ni kuma na ɗauko al'adar masu fili na kai wa mai baranda. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ta ce za ta rubuta abin da ta gani, a saurare ta kafin ƙarshen mako.

A waje matan suka yanyame Sigrun, wannan ta sumbaci kumatunta, waccan ta karɓi Salka. Ta tsaya ƙiƙam, fuska ta yi ja, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Ta raɗa mini cewa mijin bai san ta zo ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Dawit ya dawo! An hana barci a baranda, kuma za a riƙa leƙowa na ɗan lokaci. Ina jin kukansa ta bango yanzu haka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin yau ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Meseret ta yi gahawar godiya, ta ce lallai in zo da Sigrun. Ta zo, da wani buhun fatar tunkiya sabo a leda. Meseret ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta shimfiɗa a ƙasa, Salka ta zauna a kai. Ba wanda ya ce komai a kan inda za a yi amfani da shi.

Bayan kofin farko Sigrun ta duba agogo ta fara laluben jaka. Na taka mata ƙafa, na ce uku ake sha. Ta koma ta zauna. Wajen kofi na biyu ta cire takalmi. Salka na yawo daga cinya zuwa cinya, uwar na bin ta da ido. Ta ce mini a hankali, tun da ta haihu ba a taɓa karɓar mata yarinya ba sai wanda aka ɗauka aiki, uwarta sau ɗaya ta ga jikar. Na ce Allah sarki. Ban ce mata komai a kan tawa ba.

Ana shirin na uku Dawit ya ɓalle da kuka. Uwarsa na gaban wuta da tulun gahawa a hannu. Aka yi ta miƙa shi, wannan ta jijjiga, waccan ta yi masa waƙa, ina! Meseret ba ta kalle ni ba, tun ranar nan ba ta ƙara roƙona ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsallaka ɗakina, na zazzage akwati a kan gado. Majanyin yana nan a ninke yadda na sa shi. Na kai hanci. Ba ƙamshin kowa a jiki, sai na akwati.

Na dawo na karɓe shi, na sunkuya, na ɗora, na ja zane, na ɗaure majanyi a kai. Hannu bai manta ba. Na ɗan zaga tsakanin kujera da ƙofa ina bubbuga shi, ya yi ajiyar zuciya, ya kwantar da kumatunsa a tsakiyar bayana, daidai wurin. Kafin a zuba baraka ya yi barci.

Meseret ta ɗago ta ce, "Bayan ya warke?" Na ce da sauƙi. A tsaye na sha kofina, na ce hayaƙin turare ne ya shiga mini ido.

Ba wani abu ba ne, taimakon maƙwabta ne. Ta ce ko zan riƙa karɓarsa ran Asabar, na ce zan duba. Majanyin dai ban mayar akwati ba, yana rataye a bayan ƙofa.

Na kira gida bayan sun watse. Inna ta ce yana waje wajen wasa, ko a bar shi kamar kullum? Na ce a'a, Inna, a kira mini shi, zan jira. Ta ce a kira wa? Tsokana take, na sani, ta san ba na faɗar sunan.

Nassirou. Na ce a kira mini Nassirou.